IMAM BUSIRI, MAI ƘASIDAR BURDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da wuya a sami wadda ta tashi a ƙasar Hausa ba ta taɓa jin ana rera Burda ba, ko a wurin maulidi, ko a zauren malam, ko a bakin wata tsohuwa tana 'yan aikace-aikacenta a tsakar gida. Da yawa daga cikinmu mun iya amshinta tun kafin mu iya karanta Larabci. Amma in aka tambaye mu wane ne ya yi ta, me ya sa ya yi ta, sai mu yi shiru. A wannan fitowar za mu kawo tarihin mutumin da ya wallafa ta. Ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana yi wa masu mulki waƙa don ya ciyar da iyalinsa, sai a ƙarshe ciwo ya kwantar da shi, ya yi ƙasida guda wadda yau fiye da shekara 700 ana rera ta daga Maroko har Indunisiya, kowace al'umma da irin muryarta.

ASALINSA DA HAIHUWARSA

Sunansa Muhammad bin Sa'id, ana yi masa alkunya da Abu Abdullahi, laƙabinsa kuma Sharafuddin. An haife shi a ƙasar Masar a shekara ta 608 Hijira, daidai da 1212 Miladiyya. Kakanninsa Sanhajawa ne, wato wata babbar ƙabila daga cikin Barbar na Magrib da Sahara. A lura, Barbar na Arewacin Afirka ake nufi, ba Barebarin Barno ba.

Iyayensa sun fito ne daga ƙauyuka biyu na yankin Bani Suwaif, kudu da Alƙahira. Ɗaya sunansa Dalas, ɗayan kuma Busir. An ce har ya haɗa sunayen biyu ya kira kansa Dalasiri don kada ya bar ɗaya, amma sunan bai kama bakin mutane ba. Busiri shi ne ya bi shi har yau.

Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, kamar yadda al'adar wancan zamani take. Daga nan ya tafi Alƙahira ya yi karatun Larabci da adabi da tarihin Manzon Allah (SAW). Allah Ya ba shi kyawun rubutun hannu, kuma da wannan baiwar ya fara neman abinci.

ZAMANIN DA YA RAYU

Busiri ya rayu a lokacin da duniyar Musulmi take cikin tsoro. A 1249 Sarkin Faransa, Luwis na 9, ya kawo yaƙi Masar, aka karya shi a shekarar da ta biyo baya bayan gwabzawar Mansura. A 1250 ɗin nan ne daular Ayyubawa ta faɗi a Masar, wata mata mai suna Shajaratud Durr ta riƙe mulki na 'yan watanni, sa'annan Mamalik suka karɓa. A 1258 Mongol suka rusa Bagadaza, suka kashe Halifa. A 1260 ne rundunar Masar ta tare su a Ainu Jalut ta ci su da yaƙi, Sarki Baibaras ya hau mulki.

To a irin wannan hali, mai ilimin da ba shi da gona ba shi da jari, hanyarsa ita ce ya raɓi gidan mulki. Busiri ya sami aikin akawu a garin Bilbais da ke lardin Sharƙiyya, yana rubuta lissafin kuɗin hukuma.

AKAWU MAI KAIFIN HARSHE

Littattafan tarihi sun siffanta shi da cewa gajere ne siriri, mai barkwanci, amma fa harshensa kamar aska. Abin da ya gani a ofis bai yi masa daɗi ba. Sai ya yi wata doguwar ƙasida yana tona asirin ma'aikata, yana zargin su da sace dukiyar jama'a da cin hanci. Kin ga kuwa wanda ya yi haka ba zai yi farin jini a wurin abokan aikinsa ba. Bai daɗe a aikin ba, ya koma Alƙahira ya buɗe makarantar koya wa yara Alƙur'ani.

Talauci bai rabu da shi ba, ga kuma iyali da yawa. A cikin diwaninsa akwai wata ƙasida da ya aika wa Waziri Baha'uddin bin Hanna yana kuka da halin gidansa. Ya ba da labarin yadda azumi ya ƙare, Sallah ta matso, babu hatsi a gida, yaran suna kallon abin da ke hannun wasu yara. Har ya ambaci yadda matarsa ta je gidan 'yar'uwarta, aka zuga ta, ta dawo da faɗa. Duk matar da ta taɓa ganin Sallah ta zo maigida ba shi da ko sisi ta san wannan halin. Akwai ma wata da ya yi da bakin jakarsa, wadda wani babban ma'aikaci ya ara ya ƙi mayarwa, jakar tana roƙon a mai da ita gidan ubangidanta.

Na kawo waɗannan ne don mu san cewa mai Burda mutum ne kamar kowa. Ya yabi masu mulki don a ba shi, ya zagi wanda ya hana shi, ya yi raha, ya yi ƙorafi. Haka shekarunsa suka yi ta tafiya.

HAƊUWARSA DA MALAMINSA

A birnin Iskandariyya akwai wani malami mutumin Andalus, Abul Abbas Almursi, magajin Shehu Abul Hasan Shazili wanda ya rasu a 1258. Busiri ya yi almajiranci a wurinsa, kamar yadda Ibn Aɗa'illah mai littafin Hikam ya yi. A wannan majalisin ne ya sha karatun tarbiyyar zuciya, wato sanin cututtukanta irin su riya da son duniya da son a yaba maka, da yadda ake maganinsu. Daga nan waƙoƙinsa na yabon Annabi (SAW) suka fara yawaita, ya koma nazarin Sira da kyau. Wanda ya karanta ƙasidunsa na wannan fanni zai ga mutum ne da ya san tarihin Manzo dalla-dalla, tun daga haihuwa har wafati. Manyan malamai irin su Abu Hayyan mai tafsiri da Ibn Sayyidin Nas mai littafin Sira sun ɗauki waƙoƙinsa daga bakinsa.

CIWO DA MAFARKI

Sai Allah Ya jarrabe shi da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Yana kwance, ba ya iya tashi, ya tsara wata ƙasida ta yabon Annabi (SAW), yana maimaita ta yana kuka yana roƙon Allah lafiya. Kamar yadda masu tarihi suka ruwaito daga gare shi, cikinsu har da Ibn Shakir Alkutubi, barci ya ɗauke shi, sai ya ga Manzon Allah (SAW) a mafarki, ya shafe shi da hannunsa mai albarka, ya lulluɓa masa mayafinsa. Da ya farka sai ya ji jikinsa ya saki, ya tashi ya fita da ƙafarsa. A hanya ya gamu da wani bawan Allah wanda ya nemi ya ba shi ƙasidar, alhali bai gaya wa kowa ya yi ta ba. Labari ya bazu har ya kai kunnen Waziri Baha'uddin, ya sa aka rubuta masa ita, kuma an ce ba ya sauraronta sai a tsaye, ba takalmi ba hula.

Kalmar burda a Larabci mayafi take nufi. Akwai Burda ta farko tun zamanin sahabbai. Ka'ab bin Zuhair mawaƙi ne da ya yi wa Musulunci zambo, bayan buɗe Makka ya zo ya tuba ya rera ƙasidarsa a gaban Annabi (SAW) a masallaci, Annabi ya ba shi mayafinsa. Ta Busiri ta sami sunan ne saboda mafarkin nan. Asalin sunanta Alkawakibud Durriyya fi Madhi Khairil Bariyya, wato taurari masu haske wajen yabon mafificin halitta.

ME KE CIKIN BURDA?

Tana da baiti kimanin 160, malamai sun kasa ta fasali 10. Na farko bege ne da ambaton wuraren ƙasar Hijaz. Na biyu gargaɗi ne game da son zuciya, kuma a nan ne ya ɗauko misalinsa daga yaye, abin da kowace uwa ta sani. Na uku yabon Annabi (SAW), na huɗu haihuwarsa, na biyar mu'ujizozinsa, na shida ɗaukakar Alƙur'ani, na bakwai Isra'i da Mi'iraji, na takwas jihadinsa da jaruntar sahabbai, na tara neman gafara da ceto, na goma addu'a da ganawa da Ubangiji. Kin ga ke nan wadda ta haddace ta da ma'anarta ta sami taƙaitaccen darasin Sira da na tarbiyya a haɗe.

Fasali na tara shi ne ya fi taɓa ni. A nan Busiri ya yi iƙirari da kansa cewa ya ɓata ƙuruciyarsa wajen yi wa mutane waƙa da hidimar masu mulki, kuma bai kwashe komai ba sai zunubi da nadama. Dattijo ne marar lafiya yake duba baya yana lissafin abin da ya yi da baiwar da Allah Ya ba shi. Baiwar ba ta canja ba, harshen da ya yabi wazirai da shi kuma shi ne dai. Sai dai a wannan karon ya juya shi zuwa ga wanda ya cancanci yabo, kuma Allah ne ya nufa da roƙonsa.

Bayan Burda yana da Hamziyya, wadda ta fi ta tsawo, baitocinta sun haura 450. Ibn Hajar Alhaitami ya yi mata sharhi, kamar yadda Shehu Ibrahim Albajuri da wasu malamai masu yawa suka yi wa Burda.

ƘASIDA ƊAYA, MURYOYI DABAN-DABAN

Busiri bai bar wa ƙasidarsa wani sauti guda da dole a bi ba. Kalmomi ya bari. An gina ta a kan karin Basiɗ, ɗaya daga karuruwan waƙar Larabci, kowane baiti yana da ɗango biyu masu awo ɗaya, kuma duk baitocin suna ƙarewa da harafin mimun mai wasalin ƙasa. Wannan ƙarshen yana da daɗin ja da murya, mutum ɗaya zai iya jan sa, jama'a ma za su iya sauka a kansa tare. Daga baya aka saba da sanya amshin salati tsakanin baitoci, don wanda bai haddace ba shi ma ya sami abin faɗa. Wannan tsari ne ya sa kowace ƙasa ta iya ɗora mata nata sautin ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba.

A Maroko, masu yabo sukan zauna da'ira a zawiya da fararen kaya, su rera ta da baki kawai, a kan sautukan da suka gada daga Andalus. A Tarim ta ƙasar Yaman akwai majalisan da ake karanta ta a kai a kai. Turkawa sun fassara ta, sun yi mata sharhi, kuma a zamanin daular Usmaniyya masu kyawun rubutu sun zana baitocinta a masallatai, har da Masallacin Annabi a Madina. A Fakistan da Indiya masu na'at da masu ƙawwali sukan haɗa baitocinta da yabon Urdu. A Indunisiya da Malesiya ana rera ta da wani ɗan ganga mai fuska ɗaya da suke kira rebana, kuma fassararta da harshen Malay tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen wannan harshe da suka rage, tun wajajen 1600. A gaɓar Afirka ta Gabas, fassarar Hamziyya tana cikin tsofaffin rubutattun waƙoƙin Suwahili. A garin Tiwawan na Senegal, Tijjanawa sukan raya dararen goman farko na watan Rabi'ul Awwal da karatun Burda kafin daren maulidi.

Mu ma a nan, Burda da Hamziyya da Ishiriniya ta Alfazazi suna cikin littattafan da ake karantawa a makarantun zaure, malam yana fassarawa da Hausa baiti-baiti. Sautin da ake rera su da shi a Kano ko Zariya ko Damagaram namu ne, ba daga Masar aka kawo shi ba. In Bamisire ya ji zai gane kalmomin, amma sautin baƙo ne a kunnensa. A wasu zawiyoyin ana haɗawa da bandiri, a wasu kuwa murya kawai.

Mawaƙa da yawa sun bi sawunta. Cikinsu akwai mace, malama A'ishatu Alba'uniyya ta Dimashƙa, wadda ta rasu a 1517. Ta yi ƙasidar yabon Annabi (SAW) a kan kari da amsa-amon Burda, ta kuma yi mata sharhi da kanta. A farkon ƙarni na 20 Ahmad Shauƙi na Masar ya yi tasa mai suna Nahjul Burda, wadda mawaƙiya Ummu Kulsum ta rera wani sashe nata a 1946. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ita ma ta san ƙarfin abin da ake rerawa. Shi ya sa ta zuba karatun addini cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa da Larabci, jajoji suka kai wa 'Yan Taru a ƙauyuka, matan da ba su iya karatu ba suka haddace.

SAƁANIN MALAMAI

Amana ce mu faɗi cewa ba dukkan malamai ne suka yarda da duk abin da ke cikin Burda ba. Wasu, musamman malaman Najdu da waɗanda suka bi fahimtarsu, sun soki wasu baitoci na ƙarshenta, suna ganin an wuce iyaka wajen yabo da neman agaji, an ba Annabi (SAW) abin da na Allah ne Shi kaɗai. Masu sharhinta kuwa sun amsa cewa ceton ranar alƙiyama yake nufi, wanda ya tabbata a hadisai, kuma shi kansa Busiri ya gargaɗi mai yabo a cikin ƙasidar da kada ya faɗi irin abin da Nasara suka faɗa game da Annabi Isa (AS). Haka nan malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u yana bayanin ladubban sauraro da sharuɗɗansa, wasu malaman kuma sun tsananta, ba su yarda da komai ba sai duffi a biki da Sallah.

Akwai wani hadisi a Buhari da zai taimake mu a nan. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa washegarin aurenta Annabi (SAW) ya shigo, wasu 'yan mata suna buga duffi suna waƙar iyayensu da suka yi shahada a Badar. Sai ɗaya ta sako wani ɗango da ke cewa Annabi ya san abin da zai faru gobe. Nan take ya ce ta bar wannan, ta ci gaba da abin da take faɗa da farko. Bai tsayar da waƙar ba, amma bai bar kalmar da ba daidai ba ta wuce. Ashe ke nan kunnensa yana kan ma'ana. Duk ɓangaren da mace take bi a wannan saɓanin, wannan ma'aunin ya hau kanta: ta san abin da bakinta yake furtawa.

RASUWARSA

Busiri ya yi tsawon rai, ya haura shekara 80. Ya rasu wajajen shekara ta 695 Hijira, wato 1296. Masallacin da ke ɗauke da sunansa yana Iskandariyya, daf da na malaminsa Almursi, an zana baitocin Burda a bangonsa, kuma nan ne jama'a ke ziyarta a matsayin kabarinsa. Wazirai da hakiman da ya yi wa waƙa don neman abinci, yau sai masu binciken tarihi ne suka san sunayensu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji su ɗaga hannu waɗanda suka iya amshin Burda. Kusan duka suka ɗaga. Da na ce wa za ta gaya mini ma'anarsa, hannu biyu suka rage. Waɗannan yaran kuma sun haddace waƙoƙin fina-finai daga farko har ƙarshe, sun san ma'anar kowace kalma, wasu kalmomin ma ba za su iya maimaita su a gaban iyayensu maza ba. Ba laifin yaran ba ne. Abin da aka rera shi ne yake zama a kai, kuma abin da ya fi yawan shiga kunne shi zuciya take sabawa da shi.

Don haka, 'yar'uwa, ga shawara. Ki saurari abin da ke tashi a gidanki, a rediyo ko a waya, ki ji kalmominsa da kyau kafin ki bar 'ya'yanki da shi. Wannan ya haɗa da waƙoƙin yabo na Hausa, domin ba duk wanda ya ambaci Annabi ne ya tsaya a kan iyaka ba. In kina rera Burda ko Ishiriniya, ki nemi malama ko malamin da zai fassara miki, ko baiti biyu ne a mako, abin da ya shige miki duhu ki tambaya. Mu malaman Islamiyya kuma, kada mu tsaya ga koya wa yara sauti don ranar walima. Mu haɗa da ma'ana da ƙissar da ke bayan kowane baiti. Idan kuma Allah Ya ba 'yarki murya ko baiwar tsara magana, kada ki kashe mata ita da tsawa. Ki nuna mata inda za ta sa ta tun tana ƙarama, domin Busiri sai da tsufa da ciwo suka zo masa sa'annan ya yi kukan shekarun da suka wuce.

Allah Ya jiƙan Imam Busiri, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ƙara mana son Manzon Allah (SAW) da bin sunnarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.